Giram Ɗari Shida

9 ga Janairu

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Ki gaishe mini da Yaya, mahaifiyarki, ki ce mata na ji labarin ciwon bayan nata, Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma da sauƙi, in dai ana kiran abin da nake ciki sauƙi.

Na san za ki ce don me ban kira ki a waya ba. A waya mutum yakan faɗi abin da bai auna ba. Shekara talatin da ɗaya na yi ina sufeton awo, ina bin kasuwanni da akwatin duwatsun awona ina gwada sikelin mutane, ban saba sakin abu ban ɗora shi a ma'auni ba. Ga kunnena na hagu ma ya riga ni ritaya. Na kuma san ke ba likita ba ce, mai motsa gaɓoɓin marasa lafiya ce, kin sha gaya mini. Tun kina shekara shida kina ɗaure wa kyanwarmu ƙafa nake kiranki haka, ba yanzu zan daina ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Gwiwata ta dama ta ƙare. Likitan ƙashi, wani matashi da ban jin ya girmi takalmina, ya ɗaga hoton a gaban fitila ya nuna mini inda ƙashi ke gogar ƙashi. Sun sa ni a jerin waɗanda za a yi wa aiki a watan Yuli, amma da sharaɗi. Yanzu kilo 107 nake. Ranar 10 ga Yuli in na hau sikelinsu dole ya nuna 98. In ya wuce haka, su cire sunana su sa na bayana.

Ɗana, yayanki Injiniya, ya zo ya ji wannan bayani, ya kuma yanke nasa hukuncin. Ya ce in ba a yi aikin a Yuli ba, ƙarshen watan zai zo da mota ya kwashe ni zuwa gidansa, domin ba zai zauna yana jiran a kira shi a ce na gangaro daga bene ba. Har ya yi wa ɗakin fenti. Na ga ɗakin. Can bayan gidan nasa yake, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, taga ɗaya ce tana kallon bango. Matarsa mutuniyar kirki ce, za ta riƙa aiko mini da abinci a kan lokaci kamar fursuna mai daraja.

Kin san gidana. Hawa na uku, matakala arba'in da shida. A nan littattafaina suke, a nan kujerar marigayiya matata take a bakin taga inda ta bar ta. Waɗanda nake yi wa lissafi a aji sun zama daraktoci, sun gina gidaje da lambu. Ni wannan ɗakuna biyu na samu, kuma ba na son a fitar da ni daga cikinsu a bayan mota tare da kwalaye.

Na yi karatun kimiyya lokacin da ake karatu. Na san jiki inji ne, abin da ya ƙona shi ke raguwa. Saboda haka na fara tafiya kowace safiya da sandata. Ki gaya mini awa nawa ya kamata in yi. Kada ki kawo mini maganar abinci. Tun rasuwar matata ban ci abin da za a kira abinci ba.

Kawunki,
Sufeto

24 ga Janairu

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, yara suna gaishe ka. Bayan Umma ya yi sauƙi, har ta koma faɗa da kowa, ka ga ta warke ke nan. Ta ce in gaya maka tun kana yaro ba ka neman shawara sai ka riga ka yanke abin da za ka yi.

Na yi murna da ka fara tafiya. Kada ka wuce awa ɗaya da rabi, kuma ka bi wuri mai shimfiɗa, ka huta in gwiwar ta yi zafi. Da yamma ka zauna a kujera ka miƙe ƙafar, ka riƙe ta a sama ka ƙirga goma, ka sauke, sau ashirin. Naman cinya muke nema, shi zai ɗaga ka daga gado bayan aikin.

Amma Kawu, ka hana ni maganar abinci, ni kuwa sai na yi. Tafiya tana gyara zuciya da numfashi da barci, tana ƙarfafa ƙafa. Sauke kilo tara kuwa yawanci daga faranti yake fitowa. Ina ganin haka kullum a wurin aiki: mutum ya yi wata uku yana haɗa gumi a kan keke, ya fito ya saka wa kansa da lemon kwalba biyu, ya dawo yana zagin sikeli.

Ka yi mini abu ɗaya. Ka samu ɗan littafi ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na mako biyu, ka aiko mini. Kai da ka yi rayuwarka kana rubuta giram-giram, wannan ba zai gagare ka ba.

Maganar ɗakin gidan Yaya Injiniya kuma, ban ce komai ba tukuna. Mu ga Yuli.

'Yarka,
Likita (tunda ka ƙi dainawa)

6 ga Maris

Zuwa ga 'yata Likita,

Bayan sallama, ina gaishe ku duka. Ki ce wa Yaya na ji saƙonta, kuma ita ma ba ta canja ba. Lafiyata ƙalau, gwiwa na nan yadda kika san ta, sai dai yanzu sau ɗaya nake tsayawa a bene, da kuwa sau biyu.

Ga takardar abincin na haɗo miki. Za ki gani da idonki: da safe shayi ba sukari, da rana 'yar shinkafa da wake, da yamma miyar ganye da yankan burodi biyu. Ko a gidan yari an fi haka.

Tafiyar kuwa ban taɓa fashi ba. Ƙarfe bakwai na sauko, in bi ta gaban gidan burodi, in ratsa layin mahauta, in fita ta tashar bas, in zagayo ta ƙofar kasuwa in dawo. Zan gaya miki abin da ban yi zato ba. Mutanen nan ba su manta da ni ba. Ofishin da na ba ƙuruciyata ko katin gaisuwa bai taɓa aiko mini ba, amma ina shan kwana mai burodi zai ɗaga murya, "Sufeto! Sufeto da kansa!" Mutumin da na taɓa rufe wa sikeli har sau biyu. Zai jawo mini benci, ya yanko burodi mai zafi daga tanda ya shafa man shanu, ya ce sai na ɗanɗana in gaya masa ko ya cika awo. Mahauci kuma, wanda ubansa ya taɓa aiko mini da cinyar rago gida na mayar masa da ita a kafaɗar ɗan aikensa, yanzu shi ke naɗe mini gasasshen nama a takarda. Mai shayin tasha ba ya bari in wuce sai na zauna, yana da wani babban kofi da ya ce nawa ne ni kaɗai, madara har sai cokali ya tsaya. Tsohuwa mai gyaɗa da dabino a ƙofar kasuwa takan cusa mini a aljihu tana cewa na hanya ne. Yanzu ba ni da hatimi, ba ni da ofis, babu abin da za su nema a wurina. Girmamawa ce zalla, kuma na daɗe ban ji ɗanɗanonta ba.

To ga abin haushi. Bayan mako takwas na je asibiti, sikelinsu ya ce 107.6. Na ƙaru ke nan! Na ce wa ma'aikaciyar jinyar da ke awo sikelin nan ƙarya yake yi. Ta yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. Washegari na koma da dutsen kilo biyar a jaka, cikin duwatsun tagullar da ofis ya zubar lokacin da aka kawo na'urori, ni kuma na tsince su. Na ɗora shi shi kaɗai, ya nuna biyar cif. Na hau ni kaɗai, 107.6. Na hau riƙe da shi, 112.6. Na matsar da sikelin daga kusurwa zuwa tsakiyar ɗaki na sake, bai motsa ba. Ban taɓa jin haushin sikeli mai gaskiya ba sai ranar.

Saboda haka laifin ba na sikeli ba ne, ba na abinci ba ne. Ina ganin sai na ƙara tafiyar zuwa awa biyu. Me kika ce?

Kawunki,
Sufeto

18 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai autanmu da ya yi mura ya warke.

Kawu, takardar abincinka ta ba ni tausayi, wasiƙarka kuma ta sa ni yunwa. Na ajiye su gefe da gefe a kan tebur na karanta sau uku. Mutumin da ke cikin takardar yana shan shayi ba sukari. Mutumin da ke cikin wasiƙar yana cin burodi da man shanu, ya bi da gasasshen nama, ya kora da kofin da cokali ke tsayawa a ciki, ya hau bene yana tauna dabino. Duk wannan kafin ƙarfe tara. Sikelin asibiti kuma su biyun yake aunawa tare.

Na ce ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka, ka rubuta abin da ka dafa kawai. Ciki bai san wanda aka ci a tsaye da wanda aka ci a zaune ba. Tafiyar awa ɗaya da rabi da sanda da kyar take ƙone burodin nan da shayin. Naman da dabinon ajiya ce kake yi. In ka ƙara tafiyar zuwa awa biyu, gwiwa za ka ƙarasa, ƙila ma ka ƙara samun wani mai kyautar a hanya.

Gaskiyar magana ita ce, abin da kake karɓa a hannun 'yan kasuwa shi ya hana ka sauka. Ka ci gaba da tafiyar, ka daina karɓa. Saura mako goma sha shida, har yanzu da lokaci.

'Yarka,
Likita

27 ga Maris

Likita,

Na samu wasiƙarki. Lafiya nake.

"Abin da kake karɓa a hannun 'yan kasuwa." Shekara talatin da ɗaya babu wanda ya isa ya rubuta wannan layi a kaina. Saboda ban karɓa ba aka tsallake ni sau huɗu a ƙarin girma. Saboda ban karɓa ba marigayiya ta yi rayuwarta tana hawa matakala arba'in da shida da kwandon cefane. An kai ƙarata, an bincike ni, an tura ni ofishin da babu ko kujera, ba a samu ƙwayar gyaɗa a aljihuna ba. Sai yau, daga hannun 'yar da na goya a kafaɗa.

Na gode da shawara. Ki gai da mahaifiyarki.

Sufeto

5 ga Afrilu

Kawuna,

Ina gaishe ka, ina kuma ba ka haƙuri. Wallahi burodi nake nufi, ba amanarka ba. A gidanmu in ana so a ce mutum ba ya cin haram, sunanka ake kira. Na zaɓi kalma ban auna ta ba, ka ga ko a takarda ana yin haka. Amma lissafin yana nan yadda na faɗa, ba zan janye shi don ka yi fushi ba.

'Yarka

3 ga Mayu

Kawu,

Wata guda ke nan ba amsa. Na kira wayarka ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Umma ta ce in ƙyale ka, wai ka taɓa yin wata biyu ba ka yi mata magana ba a kan ta ce rubutunka ya karkace. Ni ba zan iya ba. Ban sani ba ko fushi kake, ko kana kwance a ƙasan bene. In ban ga takardarka ba zuwa tsakiyar wata, zan kira Yaya Injiniya, kuma ka san ba zai jira Yuli ba.

'Yarka

12 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Ina raye, kada ki kira kowa. Ina fata ku ma kuna lafiya. Haƙurinki ya iso tun tuni, ni ne ban da bakin amsawa.

Bayan na aika miki da waccan wasiƙa na ce bari in ƙaryata ki da hujja. Mako guda ina karɓar abin da suke ba ni, ba na ci, ina kawowa gida ina ɗorawa a ƙaramin ma'aunina mai faranti biyu. Burodi kilo ɗaya da giram ɗari takwas. Nama giram ɗari tara. Gyaɗa da dabino ɗari bakwai. Shayin ba ya ɗaukuwa, sai na tsaya na ƙirga hannun mai shayi: sukari cokali huɗu, bayan madarar gwangwani mai zaƙi. Na zauna ina kallon tulin a kan tebur. Da a kasuwa na kama wani da irin wannan rarar bai rubuta ba, da na rufe masa shago.

Sai na tafi wurin mai burodi. Na ce masa, "Daga gobe kada ka yanko mini komai. Na gode da girmamawa, likita ne ya hana."

Ya goge hannu a rigar aikinsa ya ce, "To Sufeto, in ka daina, me za ka ci?"

Na ce, "Kamar yaya me zan ci? Ina da abinci a gida."

Ya kalli tanda, ya kalli ƙasa. Can ya ce, "Kada ka ji wani abu. Tun da uwargida ta rasu muka daina ganin kwandonta. Sai ga ka kullum da sassafe kana zagaya layin abinci, ka tsaya nan, ka tsaya can, ba ka taɓa sayen ko albasa ba. Muka ce Sufeto ko zai mutu ba zai buɗe baki ya roƙa ba. Shi ne muka zauna mu huɗu muka raba. Ni na ɗauki na farko, mahauci ya ce nama nasa ne, tsohuwa ta ce a bar mata na aljihu."

Likita, kin san dalilin da ya sa ba na sayayya a wurinsu? Tun ranar da na kama aiki ban taɓa sayen komai a hannun wanda nake duba sikelinsa ba, don kada a rage mini a ce alheri ne. A kantin bayan gidanmu nake saye, ɗabi'ar ta biyo ni har ritaya. Su kuma suka ga tsoho yana shawagi a bakin tanda hannu wofi. Wata uku ina tafe ina ɗaga kai, ina jin ni ne Sufeto, ashe sadaka ake ba ni da dabara.

Ban san yadda na iso gida ba. Tun ranar ban sake bin hanyar ba, ban bi kowace hanya ba. Mako biyar ke nan, kanti kawai nake sauka, shi ma sau ɗaya a mako.

Ga abin da zai faranta miki. Jiya na hau tasi zuwa asibiti: 103.1. Ina zaune a ɗaki na sauke abin da tafiyar wata uku ta kasa. Kin yi gaskiya, daga faranti yake fitowa. Ga kuma abin da ba zai faranta miki ba. Gwiwar ta sandare kamar ƙyauren da ya sha ruwa. Sau uku nake tsayawa a bene yanzu, kuma sai na dafa tebur nake tashi daga kujera.

Kawunki

21 ga Mayu

Kawuna,

Alhamdu lillahi da na ga rubutunka. Mu duka lafiya. Na karanta wa Umma wasiƙar, ta yi dariya har ta riƙe baya, daga baya kuma ta share ido.

Na ji daɗin 103, amma ba duka kitse ne ya tafi ba. Wani ɓangaren naman cinyarka ne, wanda muka sha wuya muka tara. Shi ya sa kake dafa tebur. In ka kai 98 a zaune, za su yi maka aikin, su sa maka sabuwar gwiwa a ƙafar da ba ta iya ɗaga ka ba, ka ƙare a ɗakin bayan gidan dai. Abincin ka riƙe shi yadda yake, ka ƙara ƙwai ko kifi da rana. Tafiyar kuma dole ka koma, da miƙe ƙafar yamma. Ɗaya ba ya yi maka aikin ɗayan.

Umma ta ce in rubuta maka wannan kamar yadda ta faɗa, kada in gyara: "Ka ce sadaka. Mutum huɗu sun bar sana'arsu sun zauna shawara a kan yadda za su ciyar da kai ba tare da ka ji kunya ba. A cikinsu har da wanda ka rufe wa sikeli. Daraktocin nan da kake ta ambata, wa ya taɓa zaman minti biyar dominka? Ka sa takalmi ka fita, uban 'yan girman kai."

Ni ban ce ba, ita ta ce.

'Yarka,
Likita

17 ga Yuni

Zuwa ga 'yata Likita,

Sallama. Ina gaishe ku. Ki ce wa Yaya saƙonta ya iso, kuma bakinta bai tsufa ba.

Na fita. Kwana uku na farko ta bayan layi na bi, ta wajen masu gyaran taya, inda babu wanda ya san ni. Rana ta huɗu ƙafa ta kai ni layin mahauta da kanta. Na tarar da hayaniya, wata mata riƙe da leda tana cewa kilonta bai cika ba, mahauci yana rantsuwa. Yana hango ni ya ce, "Yawwa, ga Sufeto! In ya ce na rage, na rage."

Na ce ba na yanke hukunci da ido, su jira gobe. Washegari na zo da ƙananan duwatsun. Matar ta dawo, mutane suka taru. Na ɗora dutsen kilo ɗaya, allura ta wuce da giram arba'in. Na ce, "Ka rage mata. Ba da gangan ba, ƙarfen ciki ne ya gaji, amma ka rage." Ya riƙe kai ya ce, "Haba Sufeto, duk naman da na gasa maka?" Na ce, "Shi ma na auna shi, giram ɗari tara ne a mako." Layin gaba ɗaya aka fashe da dariya, har da shi. Ya cika mata, na daidaita masa allurar.

Yanzu kusan kullum akwai mai jira da sikelinsa. Ba na karɓar komai. Mai shayi yana ba ni baƙin shayi ba sukari yana ƙunƙuni, wai ina zubar masa da mutuncin sana'a. Tsohuwa ta rantse in na ƙi nata ba za ta ƙara amsa gaisuwata ba, muka daidaita a kan dabino ɗaya. Giram takwas ne, ina rubutawa.

Jiya 100.4. Bene sau ɗaya nake tsayawa. Saura mako uku da kwana biyu.

Kawunki,
Sufeto

30 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Likita,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Takardunki biyu sun iso, na ƙi amsawa ne sai abin ya kai ƙarshe, don kada in ba ki rabin labari.

Ranar 10 ga wata na je. A bencin jira na zauna kusa da wata mata mai sanduna biyu. Ta ce ita ta cika nata sharaɗin tun watan jiya, amma jerin ya cika, sai in an cire wani za a sa ta. Na ce Allah ya sa a dace, a raina kuwa na ce ba ni ba.

Na shiga, na cire takalmi, agogo, hula, har makullai. 98.6. Ma'aikaciyar jinyar, wadda na taɓa kai wa dutse, ta ce, "Baba, je ka kewaya ka dawo." Na ce na riga na yi. Ta kalli ƙofa, ta rage murya ta ce, "Ɗari shida ne kawai. Zan rubuta 98, kowa haka ake yi masa."

Shekara talatin da ɗaya ina jin wannan magana a bakin kasuwa. Ba zan yi miki ƙarya ba, wannan karon na bar ta ta ɗauki biro. A zuci na ga tankin ruwan gidan Injiniya, na ga igiyar shanyar. Ta rubuta tara, ta rubuta takwas, ta ɗaga biro. Sai na ji bakina ya ce, "'Yata, ƙarasa." Ta ce, "Baba, ka san abin da kake yi?" Na ce na sani, na daɗe ina yi. Ta ɗiga aya ta rubuta shida.

Likitan ya duba takardar ya ce doka doka ce, ya mayar da ni jerin Oktoba. Ya lanƙwasa ƙafar, ya matsa cinyar, ya ce wa ya koya mini. Na ce wata likita ce da ba likita ba. Ina fitowa na ji an kira mai sanduna biyu.

Shekaranjiya Injiniya ya zo kamar yadda ya yi alkawari, da mota da kwalaye a naɗe. A gindin bene ya same ni na dawo daga tafiya. Ya ce, "Baba, giram ɗari shida! Kofin ruwa biyu fa! Saboda Allah wa zai sani?" Na ce ni. Ya ce to magana ta ƙare, mu hau a fara haɗa littattafai.

Na shiga gaba da sandata, ya biyo ni da kwalayen a hammata. Kin daɗe ba ki ga yayanki ba, zaman ofis ya yi masa tumbi. Gwiwar tana cizo a kowace taka, amma cinyar ta riƙe. Na wuce inda na saba tsayawa ban tsaya ba, don ina jin numfashinsa a bayana. A hawa na biyu na daina jin takunsa. Na buɗe ƙofa, na ajiye sanda, na ɗora ruwan shayi, sannan ya shigo hannu wofi, rigarsa ta jiƙe. Ya faɗa kujerar mahaifiyarsa ya ce in ba shi ruwa.

Ya sha, ya daɗe yana kallon taga. Can ya ce, "Oktoba ka ce?" Na ce Oktoba. Ya ce, "To." Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Baba, wai tafiyar ce ko abincin?" Na ba shi adireshinki. Ki shirya, ya fi ni gardama.

Yau da safe 98.1. Kwalayen suna nan a kwanar hawa na biyu inda ya jingine su. Maƙwabciyata ta tambaya ko na wane ne, na ce na wani ne da bai iya hawowa da su ba.

Ki gai da Yaya.

Kawunki,
Sufeto